Ranar da Muka Je Kallon Ganye

'Yan'uwa manoma, da wani ya ce mana mutum zai ƙona mai, ya yi tafiyar yini guda don kallon ganyen itace kawai, da mun yi masa dariya. To, ga shi mu ma mun yi. Muna baƙunci wurin wata ikilisiya a Jihar Bamont, arewa maso gabashin Amurka, a farkon watan Oktoba, sai bayan sujadar Lahadi masu masaukinmu suka ce mu shiga mota.

Muka bi hanya mai lamba 100 wadda ta ratsa tsakanin tuddai. Ko'ina ja ne da rawaya da ruwan goro, sai ka ce an tsoma dajin a marina. Dalilin kuwa shi ne, idan yini ya soma gajarta, sanyi ya shigo, itace yakan daina yin koren da ke cikin ganye, sai rawayan da ke ɓoye ya bayyana. Jan daga zaƙin da ya rage cikin ganyen yake fitowa. Wanda ya fi ja shi ne itacen mapul, wanda manoma ke tatsar ruwansa a watan Maris. Sai an dafa wajen lita 40 kafin a sami lita ɗaya ta zumarsa.

Amma abin da ya tsaya mana a rai daban ne. Da muka sauka shan iska, sai muka ga jerin duwatsun da aka ɗora da hannu, irin na tuddan Gwoza, a tsakiyar ƙungurmin daji. Wa zai yi shinge inda babu gona? Ashe dā gona ce. A 1811 wani mai suna William Jarvis ya kawo tumakin Sifen masu yawan gashi. Kafin 1840 tumakin jihar sun wuce miliyan ɗaya, aka sare yawancin dajin saboda kiwo da noma. Ruwa ya kwashe ƙasar tuddai, farashin gashi ya faɗi, iyalai da yawa suka yi ƙaura zuwa yamma. Wani ɗan jihar, George Perkins Marsh, ya rubuta littafi a 1864 yana gargaɗi kan wannan ɓarna. Yau kusan kashi uku cikin huɗu na jihar daji ne.

Kada mu ruɗi kanmu dai. Dajinsu ya komo ne domin mutane sun tashi sun bar masa wuri, ga ruwa duk shekara, duk da haka sai da ya ci wajen shekara ɗari. Mu ba mu da inda za mu ƙaura, ga rani na wata shida, ga awaki.

Da muka dawo gida, mun tarar an riga an cinna wa tudun da ke bayan gandun shukarmu wuta, tsiron ɗorawa da muka dasa da damina duk ya ƙone. Muna roƙon sakatarorin ƙungiyoyi su sa maganar share hanyar wuta a taron wannan wata, tun ciyawa ba ta gama bushewa ba.