Ruwan Tiga da Ma'anar Tawakkali

Kafin a kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, idon manomin Kura da Bunkure yana kan hadari. In damina ta yi gardama, a fita sallar roƙon ruwa. In an kai gero da dawa rumbu, samari su ɗaure kaya su tafi cirani. A kunnen mutane da yawa na wancan zamani, tawakkali shi ne ka shuka, ka koma gefe, ka jira.

Yau ta magudana ruwa yake zuwa. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke sako shi daga Tiga, ya rarrabu cikin gonakin shinkafa, alkama, albasa da tumatir na Kadawa da kewaye. Wanda ya bar ciyawa ta toshe masa hanyar ruwa har shuka ta yi yaushi, wa zai ɗora wa laifi? Daga irin wannan tambaya mutum yake komawa kan kalmomin da ya tashi da su, ya sake auna su.

Tawakkali tushensa ɗaya da wakili a Larabci, wato miƙa lamari ga wanda aka amince da shi. Ɗaliban ilimi sun san hadisin da Tirmizi ya ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya umarci wani mutum ya ɗaure raƙumarsa tukuna, sannan ya dogara ga Allah. Sai dai jin hadisin a zaure daban, tuna shi da asubar hunturu daban, lokacin da mutum yake tsaye cikin laka da shebur yana yashe magudana.

Haka ƙaddara. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da maƙwabtanta, har kamfanin tumatir na Ɗangote da ke Kadawa ya rasa abin sarrafawa. Kowa ya ce ƙaddara ce, kuma gaskiya ne. Amma wani a nan ya tsaya, wani kuwa ya share hawaye ya nufi malaman gona yana tambayar magani da lokacin shuka. A wurin na biyun, kalmar tana sanyaya zuciya bayan asara, ba ta hana shi neman sanin inda aka yi kuskure.

Zakka ma ta zo da nata tambayoyin. Idan hatsi ya kai nisabi, wato wasƙi biyar, abin da ruwan sama ko ruwa mai gudana da kansa ya shayar ana fitar da kashi ɗaya cikin goma. Wanda aka shayar da wahala, jiya da jigo, yau da injin ban ruwa mai shan fetur, rabin haka ne. Daga buhu 40 na shinkafa ke nan, ko dai buhu huɗu ko biyu. Tumatir kuwa, a mazhabar Malikiyya babu zakka a kansa shi kansa, alhali Imamu Abu Hanifa yana ganin akwai. To, mai kwandunan tumatir da cinikinsa ya ninka na mai gero, in ya tuna asalin kalmar zakka shi ne tsarkakewa da bunƙasa, sai ya tambayi kansa: hannun nawa fa, me zai wanke shi?

Irin wannan sake tunani ba raunin imani ba ne. Kalmar da mutum ya haddace yana yaro ce rayuwa take buɗe masa cikinta yana babba. Abin da ya rage shi ne malamai masu tafsiri da huɗubar Juma'a a Kura da Bunkure su riƙa kawo misali daga gonar da mutane suka baro, manomi kuma ya kai tambayarsa gaban masani tun kafin ranar awo.