Dusar Dawa Da Aikinta A Cikin Hanji

Manoma, ga kaka ta zo, kowa yana shirin zaɓen zangarniyar da zai ajiye iri. To, kafin a ɗaure dami, ga wata magana game da launin dawa da baurinta wadda ta kamata kowane mai rumbu ya sani.

Kowa ya san fartanya in an bar ta a waje ruwa da iska su taɓa ta, sai ta yi tsatsa. Haka kuma goro in an fasa shi aka ajiye, ba da jimawa ba sai launinsa ya sāke. Iskar nan da mu ke shaƙa, wadda a ke kira oksijin, ita ce ke yin wannan aiki. Irin wannan ɓarna tana faruwa a jikin mutum ma, tana raunana ƙananan ƙwayoyin da su ka haɗu su ka zama nama. Bangon hanji kuwa yana cikin wuraren da ke shan wahala ƙwarai, domin duk abin da aka haɗiya, mai kyau da maras kyau, ta kansa ya ke bi. Saboda haka fatar cikinsa ta kan sabunta kanta cikin kwana 3 zuwa 5.

Tsire-tsire suna da wani sinadari da su ke kāre kansu da shi daga zafin rana, da ƙwari, da ruɓa. Masana suna kiransa finol, kuma iri-iri ne. Shi ne jan da ke cikin zoɓo, shi ne baurin goro da na ganyen shayi. Shi ne kuma jan karan dafi, wanda dukawa ke rina fata da shi, mutanen Gana kuma ke sa ganyensa cikin dafa-dukan shinkafa da wake. A ƙwayar dawa kuwa, mafi yawansa a bāyanta ya ke, watau cikin dusar nan da a ke surfewa a ba dabbobi.

In mutum ya ci abinci mai finol, kaɗan ne ƙaramin hanji ke tsotsewa ya shiga jini, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Sauran ya kan wuce zuwa babban hanji. Can akwai ƙananan halittu masu ɗimbin yawa da ido ba ya gani, watau bakteriya, su ne ke farfasa shi ya koma ƙanana-ƙanana, sa'an nan jiki ya iya ɗaukar wani sashi. Ke nan babban wurin aikin finol shi ne hanji, domin nan ya fi taruwa.

Masu bincike su kan reni ƙwayoyin hanjin mutum cikin 'yan kwanonin gilashi, su zuba musu finol, sa'an nan su zuba abin da ke jawo tsatsar nan. Sau da yawa an ga waɗanda aka ba finol sun fi jurewa. An kuma lura ba tare ɓarnar kaɗai ya ke yi ba, har ya kan zuga ƙwayar ta ƙara yin nata makaman tsaro, kamar mai gadi da ya ta da mutanen gida.

Amma fa kwanon gilashi dabam, cikin mutum dabam. A 2007 Ma'aikatar Gona ta Amurka ta fitar da wani jadawali na ƙarfin abinci iri-iri wajen tare wannan tsatsa. Da aka sabunta shi a 2010, dusar dawa mai bauri tana cikin na sama-sama. A 2012 sai ma'aikatar ta janye shi, domin awon na kwalba ne, bai nuna abin da ke faruwa a jiki ba, 'yan kasuwa kuwa sun mai da shi abin talla. Don haka duk wanda ya zo muku da garin dawa ko zoɓo a leda ya ce maganin kowace cuta ne, ku riƙe kuɗinku. Abinci ne mai amfani, amma ba ya tare wa maras lafiya zuwa asibiti.

Akwai kuma wani gefen. Wani irin finol sunansa tanin, shi ne ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita. Yadda ya ke kama fata ya ƙarfafa ta, haka ya ke kama sinadarin gina jiki da na ƙarfe a cikin abinci, ya hana hanji tsotse su sosai. Dawa mai tanin da yawa tsuntsun jan-baki ba ya sonta in ya sami wata, wannan riba ce ga manomi. Amma kajin da a ke ba ita kullum ba su saurin girma. Kada kuma a ce duk jar dawa ce mai tanin, akwai ja da yawa da ba su da shi. A tauna ƙwaya a ji, bauri ya kan ba da alama.

To, me ya kamata a yi? Na farko, kada a yar da irin gargajiya, jar dawa da kaura da farfara kowace da ranarta. Na biyu, mata su riƙa sassauta surfe wani lokaci, ko a niƙa dawa da dusarta a yi wa manya tuwo, bayan an wanke ta sarai. Na uku, yaron da aka yaye, da mace mai ciki, da mai ƙarancin jini, a yi musu kunu da dawa maras bauri, a jiƙa ta ta yi tsami kamar yadda a ke yin koko, a haɗa musu da wake ko gyaɗa. Kada su sha shayi tare da abinci, sai an ɗan jima. Ɗan lemon tsami ko garin 'ya'yan kuka kuwa yana taimakon hanji ya ɗauki sinadarin ƙarfe.

Wanda ke son sanin halin irin da ke hannunsa, sai ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa. Allah ya ba mu kaka mai albarka, amin.