Tikitin Jirgin Ruwa Daga Gidan Caca: Abin Da Magidanci Zai Auna Kafin Ya Ɗauki Iyalinsa

Daga tashoshin ruwa na Miami da Galveston a Amurka, kowane mako manyan jiragen yawon shaƙatawa na tashi da dubban fasinjoji zuwa tsibiran Bahamas da gaɓar Meziko da sauran sassan Karibiyan. Cikin waɗannan fasinjoji akwai da yawa da ba su biya kuɗin ɗakinsu ba. Gidan caca ne ya ba su takarda mai cewa an ware musu ɗaki na mutum biyu, kwana uku ko biyar ko bakwai, kyauta. Irin wannan takarda ta fara faɗawa hannun Musulmi mazauna waɗannan ƙasashe, 'yan kasuwa da ma'aikata da ɗalibai, wani ta hanyar wasan da shi kansa ya taɓa yi, wani kuma ta hannun aboki ko abokin aiki. Magidancin da ya daɗe yana burin ya kai iyalinsa hutu, kuɗi suka hana, yana iya ganin ƙofa ce Allah Ya buɗe masa. Kafin ya sanar da yara, ya dace ya san daga ina takardar ta fito, da kuma abin da take ɗaure shi da shi.

Yadda ake samun takardar

Kusan duk manyan kamfanonin jiragen nan suna da gidan caca a cikin jirgi, kowanne da ƙungiyar 'yan wasansa. Royal Caribbean na da Club Royale, Norwegian na da Casinos at Sea. Gidajen caca na tudu ma sun ƙulla ƙawance da su: masu katin MGM Rewards kan samu tafiya a jiragen Royal Caribbean da Celebrity, masu katin Caesars Rewards kuma a jiragen Norwegian. Duk lokacin da ɗan wasa ya zura katinsa a injin caca ko ya zauna a tebur, ana rubuta yawan kuɗin da ya zuba da tsawon lokacin da ya ɗauka, ana tara masa maki. A tsarin da aka san Club Royale da shi a 'yan shekarun nan, dala 5 da aka zuba a inji ita ke ba da maki ɗaya, kuma sai mutum ya tara maki 2,500 a shekara zai kai matakin da ake ba shi ɗaki kyauta. Wato sai dala 12,500 ta ratsa ta cikin injin.

Gidan caca ba ya jiran ya ga ko ka ci ko an cinye ka a dare ɗaya. Yana lissafin abin da ake sa ran za ka yi asara idan ka daɗe kana wasa. A faifan rulet irin na Amurka akwai gurabe 38, amma wanda ya dace da lambarsa ana ninka masa kuɗinsa sau 35 kawai. Wannan giɓi shi ke ba gidan ribar kashi 5.26 cikin 100 na duk kuɗin da aka ɗora. A ƙaddara mutum yana ɗora dala 25 a kowane juyi, faifan yana juyawa sau 40 a awa, ya yi awa huɗu kowane dare har dare biyar. Ya ɗora dala 20,000 ke nan, asarar da lissafi ya yanke masa kuwa ta haura dala 1,000. Daga cikin wannan adadi ake tsakuro wani kaso a mayar masa da sunan kyauta. Ɗakin da ake ba shi galibi na ciki ne marar taga, a makon da jirgin bai cika ba, wanda da ma zai tafi fanko.

Ruwa ba ya tsami banza. Takardar ribar kasuwanci ce aka yanka aka watsa kamar tsaba, domin kaza ta dawo. Wanda ya karɓa ya hau jirgi bai yi wasa ba, ba a cika sake aiko masa da wata ba.

Kuɗin da takardar ba ta biya

Ko ta fuskar aljihu kaɗai, kalmar kyauta tana buƙatar bincike. Takardar kan biya kuɗin ɗaki na mutum biyu ne. Haraji da kuɗin tashoshin da za a tsaya suna kan fasinja. Akwai ladan ma'aikata da ake cirewa kullum, wanda a manyan kamfanoni yake kai dala 16 zuwa 20 a kan kowane mutum. Yara na uku da na huɗu a ɗakin sau da yawa ana biya musu, iyali mai mutum biyar ko shida kuma sai ya kama ɗaki na biyu da cikakken farashi. Ga kuɗin jirgin sama zuwa tashar, ga masauki na daren da ya gabaci tashi, ga biza ga wanda fasfonsa ke buƙata, ga intanet da yawon gari a kowane zango. Takardar kuma da sunan ɗan wasan take: ba a sayar da ita, ba a ba wani, dole shi kansa ya kasance cikin tafiyar.

Ma'aunin shari'a

Hukuncin caca ba abin saɓani ba ne tsakanin malamai. A Suratul Baƙara aya ta 219 an bayyana cewa zunubin giya da caca ya rinjayi amfaninsu. A Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91 aka haɗa su da gumaka da kiban ƙuri'a, aka kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, aka yi umarni da a nisance su, aka kuma faɗi dalili: suna jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, suna shagaltarwa daga ambaton Allah da salla. Malamai sun lura cewa umarnin nisanta ya fi faɗi a kan hanin aikatawa, domin ya haɗa da hanyoyin da ke kai mutum ga abin. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci wanda ya gayyaci abokinsa zuwa caca da ya yi sadaka, alhali magana kawai ya furta, bai kai ga wasa ba.

Da wannan ma'auni, masu riƙe da takardar sun kasu gida uku.

Na farko shi ne wanda ya same ta da wasansa. Wannan takarda 'yar caca ce, domin ba don ya zuba kuɗi a haramtacciyar harka ba, da ba a ba shi ba. Wani zai ce ai kuɗinsa da aka cinye ne ake mayar masa. Tsarin da aka bayyana a sama ya rushe wannan hujja: ana ba da takardar a kan yawan wasa, wanda ya ci ma ana ba shi, kuma ana biyanta daga tulin asarar dukkan 'yan wasa. Sannan karɓarta na nufin komawa bakin ramin da mutum ya fito, da katinsa a hannu, ma'aikacin da aka ɗora wa kula da shi yana jiran sa da fara'a. Sharuɗɗan tuba su ne barin laifi, da nadama, da ƙudurin rashin komawa. Wanda ya tuba da gaske, abin da ya fi masa shi ne ya bar takardar wa'adinta ya ƙare, ya nemi a cire sunansa daga jerin waɗanda ake aika wa tayi. Idan akwai kuɗin da ya ci a caca a hannunsa, malamai sun ce ya rabu da su ta hanyar ba mabuƙata ko ayyukan amfanin jama'a.

Na biyu shi ne wanda ɗan'uwa ko aboki ɗan caca ya gayyata ya cike gurbi na biyu a ɗakin. A nan malamai sun rarrabe tsakanin dukiyar da ita kanta haram ce, kamar kayan sata da aka san mai su, da wadda hanyar samunta ce haram. A kan ta biyun, wasu sun sauƙaƙa wa wanda ya karɓa ta halastacciyar hanya kamar kyauta ko gado, suna kafa hujja da cewa Annabi (SAW) ya yi ciniki da Yahudawan Madina ya kuma karɓi kyautarsu. Wasu kuwa sun hana, matuƙar an san cewa wannan abin da aka miƙo shi ne ainihin abin da haram ta haifar. A mas'alarmu babu shakka game da asalin takardar. Bayan haka, rakiyar tana ƙarfafa wa mai gayyatar gwiwa, tunda ana sa ran zai yi wasa a tafiyar domin a sake ba shi wata. Aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan saɓo. Tsantseni a nan shi ne a gode masa, a ba shi uzuri, a yi masa nasiha a keɓe.

Na uku su ne mata da yara, waɗanda ba su da ta cewa a kan inda maigida ya samo kuɗi. Malamai sun yi rangwame ga iyalin da mai ciyar da su ke samu ta haram, cewa su ci gwargwadon buƙata idan ba su da wata hanya, zunubin yana kansa. Sai dai rangwamen na ci da sha da sutura da muhalli ne. Yawon shaƙatawa ba ya cikin larura. Uwargida da ta gane asalin tikitin tana da damar ta ce a haƙura, cikin ladabi da hikima, kuma wannan taimako ne ga mijinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar caca cikin jerin cututtukan da ta amince da su, wanda sabon bugunsa ya fara aiki a 2022. Takardar tafiya kyauta da ta iso gida tana iya zama alama ta farko da iyali za su gani cewa dubban daloli sun riga sun salwanta.

Abin da yara za su gani

A jirage da yawa an gina gidan cacan a tsakiya, a kan hanyar da ke tsakanin ɗakin cin abinci da zauren wasanni, ta yadda fasinja zai riƙa ratsa shi. Yana rufe yawanci idan jirgi na tasha, ya buɗe da zarar an fita ruwan ƙasa. Katin buɗe ɗaki shi ne kuma katin sayayya, ana iya cirar kuɗin wasa da shi ba tare da an taɓa takardar kuɗi ba. Ƙananan yara ba a barin su su yi wasa, amma fitilu da ƙarar injuna ba sa tambayar shekaru. Akwai kuma wasan bingo da ake sayen katinsa da kuɗi a ci kyauta, wanda ake yi da rana a gaban kowa, shi ma caca ne. Yaron da ya ji cewa wannan ɗaki mai walƙiya shi ya biya musu hutun da ya fi kowane daɗi a rayuwarsa, ya ɗauki darasin da wa'azin shekara ba lalle ya goge shi ba.

Hanyar da ta kuɓuta

Hawa teku ba abin zargi ba ne. Alƙur'ani ya ambaci jiragen da ke gudana a cikinsa a matsayin aya da ni'ima a Suratul Baƙara aya ta 164 da Suratun Nahli aya ta 14, kuma sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha ta jirgin ruwa suka ƙetare. Wanda ya biya da halaliyarsa yana da zaɓi. Jiragen Disney ba su da gidan caca, ko da yake ana sayar da giya a cikinsu. Jirgin Pride of America da ke zagaya tsibiran Hawaii shi ma ba shi da shi, saboda dokar jihar ta haramta caca. A Disamba 2024 kamfanin Aroya na Saudiyya ya fara jigila daga Jidda a Bahar Maliya, da jirgin da babu caca babu giya, abincinsa halal, da wuraren salla. Wanda bai samu irin waɗannan ba, ya hau jirgin da ke da gidan caca da kuɗinsa, hukuncinsa ya yi kama da na mai sauka a otal ɗin da ke da mashaya: ya duba ko zai iya kauce wa wurin, ya kare idon iyalinsa, musamman a bakin wuraren ninƙaya. Idan ya san zuciyarsa tana da rauni a kan caca, barin tafiyar ya fi.

Ibada a teku tana da sauƙi. Fasinja matafiyi ne, yana ƙasaru idan tafiyar ta kai kimanin kilomita 80, Juma'a kuma ba ta wajaba a kansa. Farilla ana yin ta a tsaye ana fuskantar alƙibla, malaman Malikiyya suka ce idan jirgi ya juya mai salla ya juya tare da alƙiblar in zai iya. Wanda jiri ko igiyar ruwa ta hana shi tsayuwa ya zauna. Daga Miami da Karibiyan alƙibla tana arewa maso gabas, talabijin ɗin ɗaki kuma yakan nuna inda jirgi ya dosa. Lokutan salla suna sauyawa da tafiya, don haka a dogara da rana da wurin da ake, kada a bi jadawalin gida. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne, saboda haka kifi da sauran naman ruwa mafita ce idan ba a samu yankan Musulmi ba. Mai son abincin halal ya sanar da kamfani makonni kafin tashi, ya kuma riƙa tambaya a kan giya da kitsen alade a cikin miya da kayan zaƙi.

Iyalin da suka jera abin da za su kashe a tafiyar da ake kira kyauta, haraji da ladan ma'aikata da kuɗin yara da jirgin sama, za su ga cewa tazarar da ke tsakaninta da tafiyar da suka biya da kansu ba ta kai yadda suke zato ba. Adashin wata shida ko shekara yana iya cike ta. Wanda lamarinsa ya cakuɗe, ya kai wa malamin da ya amince da shi takardar da sharuɗɗanta, ya faɗa masa gaskiyar yadda aka same ta, domin fatawa tana bin bayanin mai tambaya ne. Allah Ya wadata mu da halal ɗinSa, Ya tsare mu da zuriyarmu daga haram.