Motar wasan yara mai rimot: Abin dubawa kafin a saro kayan Sallah a Matamaye

Duk shekara idan azumi ya shiga goman ƙarshe, kasuwar Juma'a ta Matamaye takan canza kama. Ban da atamfa da shadda da takalman yara, sai ka ga teburan 'yan koli sun cika da kayan wasa, kuma a 'yan shekarun nan babu abin da ke tsayar da yaro cak a gaban tebur kamar motar nan mai manyan tayoyi da ake tuƙawa daga nesa da rimot. A jikin kwalin wasu za ka ga an rubuta Rock Crawler da Turanci, wato mai rarrafe a kan dutse. Yaron da jiya yake jan motar kara ko ta langa-langa, yau ita yake yi wa uwarsa kuka.

Matsalar ita ce da yawa daga cikin motocin nan ba sa kai wa kwana uku bayan saukowa daga Idi. Uwar da ta cire kuɗin daga adashinta za ta dawo da mota a hannu da yaro yana sharɓar hawaye a baya, mai tebur kuma ko dai ya mayar da kuɗi, ko ya rasa mai ciniki da suka shekara goma tare. A ce ka saro katan mai mota 12, aka dawo maka da 4, to ribar sauran 8 ɗin ta tafi wajen toshe ramin. Saboda haka wannan magana ta jari ce, duk da cewa kayan na wasa ne.

Galibin irin waɗannan kaya a ƙasar Sin ake ƙera su, musamman a gundumar Chenghai da ke birnin Shantou, inda masana'antun kayan wasa suka yi yawa, sannan dilolin Afirka su saro su a kasuwannin Yiwu da Guangzhou. Mu a nan sukan iso mana ne ta Kano, su biyo ta Daura da Kongolam, su tsallako Ɗan Barto. Idan mai karatu bai manta ba, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, aka kuma sake rufe iyakar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Wanda ya ga waɗannan lokuta ya san cewa mayar wa dila kaya a Kano ba abu ne da za a dogara da shi ba. Ko hanya a buɗe take, kuɗin mota da na duwan sun fi ƙarfin 'yar motar roba. Don haka duk abin da ya lalace, a nan Matamaye za a gyara shi ko a jefar.

Asalin wannan mota ba ta yara ba ce. A Amurka manya ne ke wasan, suna gasar hawa duwatsu da ita. Kamfanin Axial ya fito da AX10 Scorpion a 2007, kamfanin Traxxas na jihar Texas kuma ya fito da TRX-4 a 2017, kuma kowace ɗaya kuɗinta ɗaruruwan daloli ne, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Ba waɗannan ne za mu kasa a tebur ba. Amma dabarar da aka ƙera su da ita ce ma'aunin da za a auna masu arahar: tafiya a hankali da ƙarfi, dukkan tayoyi 4 suna ja, taya mai laushi, nauyi yana ƙasa, kuma kowane ɓangare ana iya kwance shi a canza.

Mai saye yakan tambayi gudu. Wannan kuskure ne. Motar hawa dutse ta ƙwarai ba ta da gudu, domin an jera haƙoran giyarta ne yadda za su rage saurin ɗan injin su ƙara masa ƙarfi. A Birnin Damagaram akwai manyan duwatsu, mu kuwa abin da muke da shi yashi ne da kwazazzaban da ruwan damina ke bari a lungu. Mota mai gudu da tayoyin baya kaɗai ke ja, da ta shiga yashi sai ta tona wa kanta rami ta zauna, yaro ya ci gaba da danna rimot har injin ya yi zafi ya ƙone. Mai tafiyar hawainiya da tayoyi 4 ita ce ke fita.

Gwajin ba shi da wuya, kuma a gaban dila ya kamata a yi shi, kafin a biya. A ɗaga motar sama a danna rimot, a ga ko tayoyin gaba da na baya duk suna juyawa, domin akwai kwalayen da aka rubuta 4WD alhali tayoyin gaba rakiya kawai suke yi. A danna taya da babban yatsa. Idan ta lotsa, roba ce mai kama ƙasa. Idan ta yi tauri kamar murfin bokiti, za ta riƙa sulɓewa ko a kan dakali. Sai a ajiye bulo ko a kwantar da buhun gero a ce ta hau. A ƙarshe a ɗora ta a kan katako a riƙa karkata shi a hankali. Wadda ta yi saurin kifewa nauyinta a sama yake, yawanci saboda an cika mata fitilu da ado a kai, kuma kowace kifewa tsagewar roba ce.

Sai rimot. Akwai tsohon yayi mai doguwar eriya, wanda aka rubuta 27MHz ko 40MHz a jikinsa, akwai kuma mai 2.4GHz. Tsohon yayin idan yara biyu suka kunna motoci masu lamba ɗaya a wuri guda, rimot ɗin wannan sai ya riƙa tuƙa motar wancan. Ku ƙiyasta gidan da ke da 'ya'yan kishiyoyi, an saya wa kowa tasa ranar Sallah! Mai 2.4GHz kowane rimot da motarsa yake haɗuwa, kuma babu doguwar eriyar da za ta karye. A kuma lura da sitiyari. Na masu araha ƙwarai hagu ne gaba ɗaya ko dama gaba ɗaya, babu tsakiya. Na masu ɗan kyau idan ka murɗa kaɗan, tayar ma kaɗan za ta juya, kuma da wannan ne ake iya bin gefen kwazazzabo ba a faɗa ba.

Inda aka fi yin asara shi ne batir, kuma nan ne ya kamata Hajiya mai tebur ta fi buɗe ido. Wasu motocin da pil ɗin rediyo suke aiki, irin wanda ake jefarwa. Suna da arahar saye, amma cikin mako biyu kuɗin pil zai kamo kuɗin motar, sai uwa ta gaji ta ɓoye ta a saman sif. Wasu suna da ƙunshin batir 4 da aka naɗe da leda, mai ƙarfin 4.8V, wanda idan ya mutu samun irinsa da bakin wayarsa sai an dace. Na uku su ne masu batirin litiyam mai 3.7V, ko biyu a haɗe su ba da 7.4V. A cikin waɗannan, wadda ta fi dacewa da garinmu ita ce mai batir ɗin nan mai kama da ɗan guntun rake da ake kira 18650, domin shi ne a cikin tocilan masu caji da fitilun sola da yawa, kuma masu gyaran waya sun san shi. Idan cajarta mai bakin USB ce, to ko babu wutar Nigelec za a kai ta wurin mai cajin waya da sola. Waɗanda suka sha duhu lokacin da Najeriya ta yanke wuta a watan Agustan 2023 ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan.

Batirin litiyam ba ya son zafi. Shagon kwano a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40, yana iya sa shi ya kumbura, kuma wanda ya kumbura yana iya kama wuta. Kada a huda shi, kada a sake yi masa caji, kada a bar yaro ya kwana da shi a jikin caja a kan katifa. Kada kuma a haɗa cajar wata motar da batirin wata don kawai bakin ya shiga. Kayan da suka yi kwantai bayan Ƙaramar Sallah za su jira wata biyu da kwana goma kafin Babba, saboda haka a zare batiran, a bar su da rabin caji a wuri mai inuwa, a kuma cire pil daga rimot don kada ya zubo da ruwa ya cinye ƙarafunan ciki.

Yanzu a juya motar a dubi cikinta. Idan da noti aka ɗaure ta, irin wanda ƙaramin sukundireba ke kwancewa, to tana da magani. Idan an like ta da gam ne, ko an narka robar an haɗe, ranar da ta tsaya ranar ta mutu. Abubuwan da ke lalacewa sanannu ne: waya ta tsinke daga jikin inji, makunni ya cika da ƙura, haƙoran giyar roba su cinye, ko zare da gashin kitso su naɗe sandar taya. Biyun farko aikin minti kaɗan ne ga mai gyaran rediyo da dalmarsa. Na ƙarshe ko yaron da kansa zai cire da tsinke. Giya ce mai wuya, shi ya sa wadda akwatin giyarta yake a rufe ruf ta fi wadda haƙoranta ke waje, musamman da hunturu lokacin da ƙura ke shiga ko'ina. Kada a ɗura mata man gyaɗa ko baƙin mai, yashi zai manne ya zama kamar dutsen niƙa. Tsohon buroshin haƙori da ɗan giris kaɗan a cikin akwatin sun wadatar.

Ga mai ɗan ƙarfin jari, akwai kamfanonin Sin irin su WPL da MN da ke yin masu matsakaicin kuɗi, waɗanda ake sayar da kayan gyaransu daban, har da giyar ƙarfe. Akwai MN82 da aka yi da siffar Land Cruiser a-kori-kura, wadda kowane yaro a Nijar ya san kamarta. Irin waɗannan sai an ba masu zuwa Sin sautu, kuma 'yan kaɗan za a kawo, don ba kowane uba ne zai iya ba. Lambar da ake rubutawa 1:12 ko 1:16 ko 1:24 girman motar take nufi, kuma idan lambar ƙarshen ta ƙaru, motar ƙanƙancewa take yi. Mai 1:24 ta tsakar ɗaki ce, a yashinmu 1:16 ko 1:12 ta fi.

Shawarar da zan ba mai sari ita ce kada ya tsinto kala goma daga shago goma. Ya ɗauki iri ɗaya ko biyu da yawa. Idan ɗaya ta mutu murus, ta zama kayan gyaran sauran: tayoyinta, injinta, giyarta da batirinta duk za su yi amfani. Ya roƙi dila ya ƙara masa batir da caja na daban, ya kuma yi magana da wani mai gyaran waya a kusa da teburinsa tun kafin Sallah, su shirya ladan gyara. Sannan kowace mota a kunna ta a gaban mai saye, a nuna wa uwar yadda ake caji da inda makunni yake.

Idan Hajiya ta zo saya wa ɗan yaye, gara a gaya mata gaskiya ko da cinikin zai wuce. Alamar nan ta fuskar jariri da aka ja wa jan layi, mai 0-3 a jiki, tana nufin kada a ba yaron da bai kai shekara 3 ba, saboda ƙananan noti da batir da zai iya haɗiyewa. A nuna mata ƙwallo, motar kuma a bar wa yayansa ɗan firamare.