Bugun Mota: Abin Da Ya Kamata Yaro Ya Sani Kafin Ya Ɗauki Guduma

Wanda ya taɓa ratsa Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko garejin Apo a Abuja, ya san ƙarar guduma kan ƙarfe da ke tashi tun hantsi har la'asar sakaliya. Masu bugun mota ke nan, waɗanda ake kira fanel bita. Aiki ba ya yanke musu. Kullum sai an yi karo a titi, kullum sai ɗan adaidaita ya goge ƙofar wani, ga kuma motocin da suka yi haɗari a Amurka, waɗanda dillalai ke sayowa a gwanjo su kawo nan a miƙe su. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin mota ya yi tashin gwauron zabi, wanda a da zai sayar da tsohuwarsa ya sake wata, yanzu lallaɓa ta yake yi. Saboda haka uban da ya ce zai kai ɗansa wannan sana'a bai yi wauta ba. Abin dubawa shi ne wurin wa zai kai shi, kuma da wane shiri.

Hanyar da aka gada ita ce uba ya riƙe hannun yaro ya danƙa shi ga maigida. Shekarar farko takan ƙare a shara, aike, kwance bamba da fitilu, da gugar samfefa da ruwa har yatsu su yi fari. Yara da yawa a nan suke gudu, suna ganin bauta ce. Ni dai ba na ganin ɓata lokaci ne, domin a wannan gugar ce tafin hannu ke koyon jin lotsawar da ido ba ya gani. Ka lura da gwani idan ya zo kan ƙofar da ta lotsa. Ba ya fara duka daga tsakiya. Sai ya shafa ta da tafin hannu, ya gano inda ƙarfen ya tattare, ya tokare bayansa da dunƙulen ƙarfe, sannan ya bi gefe-gefe da ƙananan bugu yana matsowa ciki. Inda ƙarfen ya miƙe fiye da kima, sai ya ɗiga masa wuta kaɗan, ya bubbuga, ya danna jiƙaƙƙen tsumma don ya tsuke. Wannan ba a koyonsa a allo, sai an tsaya kusa da mai yi.

Sai dai motar da iyayen gidanmu suka koyi aiki a kanta ba ita ce a titi yau ba. Fijo 504, wadda kamfanin Peugeot ya riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antarsa a 1975, jikinta ƙarfe ne mai laushi da haƙuri: a gasa shi, a buga, a ja, ya dawo. Motocin yanzu da ƙarafa iri-iri ake ƙera su. Gaba da baya an tsara su ne don su lanƙwashe su shanye ƙarfin karo, dabarar da injiniya Béla Barényi na kamfanin Mercedes-Benz ya yi wa rajista a farkon shekarun 1950, aka fara sa ta a motocin kasuwa a 1959. Ɗakin da mutane ke zama kuwa, musamman ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, da ƙarfe mai tsananin tauri ake yin sa, kuma taurin nan daga yadda aka sarrafa zafinsa a masana'anta ya samo shi. Da zarar an kafa masa wutar kabayit ya yi ja, taurin ya tafi. Ginshiƙin zai miƙe, a shafe shi da fenti ya yi ƙyalli, mai mota ya biya yana godiya. Ranar da aka sake bugun motar ta wannan gefen, abin da ya kamata ya tsare haƙarƙarin fasinja shi ne zai rufta masa. Ƙa'idar masu ƙera motoci a irin wannan wuri ita ce a cire sashen a sa wani, ba a gasa a miƙe ba.

Ga kuma alminiyam. Audi A8 ta fito da jikin alminiyam tun 1994, Ford F-150 ta bi sahu a 2015, kuma motoci da dama yanzu bonet ɗinsu da shi ake yi. Yana narkewa a wajen digiri 660, kuma ba ya yin ja kafin ya narke, don haka wanda ya saba jiran ganin ja sai dai ya ga rami. Bamba roba ce, a cikinta kuma akwai na'urorin da ke auna tazara. Mota mai haɗa batir da fetur tana da wayoyi masu ruwan lemo da ke ɗauke da wutar da za ta iya kashe mutum. Motocin da aka mayar masu amfani da gas na CNG suna ɗauke da tukunya mai matsin da ya kai bar 200 a but, wurin da mai walda ke yawan kai wutarsa.

Duk wannan yana nufin yaro na bukatar karatu. Kuskure ne babba a ɗauka cewa gareji matattarar waɗanda boko ya gagara ce. Wanda ba ya iya karanta tef ba zai iya auna mota daga kusurwa zuwa kusurwa ya gane ta karkace ba, ita ce motar da za ka gani tana tafiya a kaikaice tana cinye taya ta gefe guda. Wanda ba ya karanta abin da ke jikin gwangwani ba zai haɗa fenti da mahaɗinsa daidai ba. Gara yaro ya gama sakandare yana zuwa gareji da yamma da ranakun hutu. In da hali, kwalejin fasaha ta fi, inda zai zana jarrabawar NABTEB. Wanda ya riga ya koya a hannun maigida yana iya neman takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai mataki uku, ko shaidar ƙwarewa ta NSQ da hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna ke kula da ita. Hukumomin NDE da ITF su ma suna ɗaukar matasa horo. Takarda ba ta miƙe ƙofa, amma da ita ake shiga manyan kamfanonin motoci da aikin masu inshora.

Batun lafiya shi ne wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Fentin zamani da ake haɗawa da sinadarin ƙara tauri yana da gubar da ke jawo asma, kuma ƙyallen da yara ke ɗaurewa a hanci ba ya tare ta. Gwangwanin madarar da ake sha bayan feshi ciki yake zuwa, ba huhu ba. Abin rufe hanci mai matata, gilashin walda da abin toshe kunne su ne kayan aikin da ya kamata uba ya fara saya, tun kafin guduma. Tukunyar kabayit ta gida tana fashewa, haka ma tankin mai da aka ce babu komai a ciki, domin tururin fetur ya fi fetur ɗin kansa saurin kamawa.

To, ta yaya za a gane maigidan kirki? A duba yawan filar da yake shafawa. Aikinta cike ƙananan ramukan da guduma ta bari, kaurin milimita biyu zuwa uku. Wanda ke lafta ta kamar mai yaɓen ɗaki, gini yake yi ba bugu ba, kuma kafin damina biyu za ta tsage. Ɗan maganaɗisu ya isa ya tona asirinsa, don ba ya kama inda fila ta yi kauri. A duba ko yana da tef da injin waldar waya, ko kuwa komai da wutar kabayit yake yi. A duba tsoffin motocin da suka yi ƙura a harabarsa, waɗanda aka karɓi kuɗin kafin alƙalami aka bar masu su da "dawo gobe". Yaro yana kwasar wannan hali kamar yadda yake kwasar riƙon guduma.

Iyaye, kafin ku miƙa ɗanku, ku je garejin ku wuni, ku ga aikin da idonku, ku tambayi yara nawa maigidan ya yaye da inda suke aiki yanzu. A kuma yi yarjejeniya a rubuce kan shekarun koyo da abin da za a koya masa a kowace shekara.