YADDA GWANAYE KE WANKE JIKIN MOTA DA INJINTA

Duk wanda ya zaga unguwannin Ikko daga Agege zuwa Obalende, ko ya bi ta Sabo a Badun, ko ya sauka Fatakwal, ba zai rasa ganin samarin Arewa a bakin titi da gidajen mai ba, wando a naɗe har gwiwa, suna wankin mota. Sana'a ce da baƙo ke saurin kamawa domin ba ta neman jari mai yawa, daga bokiti sai soso da tsumma da wurin samun ruwa. Da ita mutane da dama suke ci, suke biyan kuɗin ɗaki, har su aika da na cefane gida.

Amma akwai abin lura. Motar da ake ajiye wa yaro ya wanke a kan 'yan kuɗi kaɗan, darajarta miliyoyin Naira ce, kuma kuskuren minti biyar da tiyo yana iya jawo gyaran da ladan watanni ba zai biya ba. In haka ta faru mai mota ba ya sauraron hanzari, maigidan wurin ya zare hannunsa, magana ta kai ga 'yan sanda, shi kuwa baƙo ne, ba shi da mai tsaya masa sai ko Sarkin Hausawa. Saboda haka ya kamata duk mai wannan sana'a, da direbobin da ke wanke motocin iyayen gidansu, su san ƙa'idojin da gwanayen aikin ke bi.

KIƊA YA CANZA

A 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, a shekarar kuma aka fara haɗa na Volkswagen a Ikko. Motocin wancan zamani ba su da wayoyi da yawa a injinsu, kafireto ne ke ba da mai, dilko ke raba wa fulogogi wuta. In ruwa ya shiga dilko mota ta ƙi tashi, sai a buɗe murfin a goge a shanya, ta tashi. Yawancin fentinsu kuwa shafi ɗaya ne a kan na ƙasa, shi ya sa in aka goge da ƙarfi launin motar ke fitowa a tsumma.

Motocin da ake saukewa a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can yanzu ba haka suke ba. Tun daga shekarun 1980 kamfanoni suka koma rufe launin mota da wani shafi garai-garai marar launi, shi ne ke ba ta sheƙi, shi ke kare ta daga rana. Kaurin wannan shafi kimanin rabin kaurin takardar rubutu ne, kuma abin da aka kankare daga gare shi ba ya dawowa sai an sake fenti. A cikin injin kuma akwai kwamfuta, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota, da sensa-sensa da ke aika mata labari ta ƙananan wayoyi. Hausawa sun ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Wankin da 504 ta jure, motar yau ba za ta jure shi ba.

YASHI NE ABOKIN GABA

In aka tsayar da baƙar mota a rana aka duba ƙofarta, sau da yawa za a ga wasu siraran zane-zane suna kewayawa kamar saƙar gizo. Wanki ne ke kawo su. Ƙurar da ke kwanciya a jikin mota tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi waɗanda suka fi fenti tauri, to da zarar an ɗora tsumma an murza, tsumman ya zama takardar gurza katako. Wannan ya fi tsanani lokacin hunturu, sa'ad da direba ke fitowa da sassafe ya share ƙura da busasshen ƙyalle. Ƙa'idar farko ke nan: ba a taɓa jikin mota da hannu sai an kwarara mata ruwa daga sama har ƙasa, yashi ya sauka.

Ta biyu, a nemi inuwa, a bar jikin motar ya huce. A kan ƙarfe mai zafi kumfa tana bushewa kafin a ɗauraye, ruwan ya ƙafe ya bar tabo fari-fari. Ruwan rijiya da na burtsatse a wasu unguwannin da ke kusa da teku yana da gishiri da tsatsa, tabonsa ya fi wuyar fita.

Ta uku ita ce maganar sabulu. Omon wankin tufafi da sabulun wanke-wanke an yi su ne domin su cinye maiƙo, don haka suna kwashe kakin da aka shafa wa mota, suna kuma sa robobin gefen gilashi su koɗe. Akwai sabulun ruwa na mota musamman, ana samunsa a kasuwar Ladipo da kantunan kayan mota, kaɗan ake zubawa a bokiti bisa ma'aunin da aka rubuta a jikin robar. Santsinsa ne ke sa datti ya zame ba tare da ya karci fenti ba.

BOKITI BIYU

Gwani yana fara aiki daga tayoyi da wili, domin nan ne ƙazanta ta fi yawa, ga laka ga baƙin garin birki, kuma in aka bar su ƙarshe za su fallatsa wa wurin da aka riga aka wanke. Buroshinsu da bokitinsu daban, ba sa kusantar fenti har abada.

Jikin mota kuwa bokiti biyu ake ajiye masa, ɗaya na kumfa, ɗaya na ruwa zalla. A tsoma abin wanki a kumfa, a wanke yanki ɗaya, sa'an nan a girgije shi cikin ruwa zalla yashi ya zauna a ƙasa, kana a mayar da shi cikin kumfa. Da bokiti ɗaya, yashin da aka ɗebo daga ƙasan ƙofa shi za a mayar kan bonet. Abin wankin da ya fi dacewa shi ne safar hannu ko tawul na maikurofaiba, domin gashinsa yana haɗiye datti ya ɓoye shi, soso kuwa a bakinsa yake riƙe yashi. In ya faɗi ƙasa, an gama da shi sai an wanke.

Daga rufi ake farawa, sai gilasai, sai bonet da but, sai saman ƙofofi, ƙasansu ya zo ƙarshe. Hannu ya riƙa tafiya a miƙe, ba a murzawa a kewaye, ba a kuma dannawa. Mai injin feshin ruwa ya nisanta bakinsa da fenti aƙalla santimita 30, kada ya auna shi a robar gilashi ko inda fenti ya fara ɓamɓarewa. A damina, ko bayan mota ta ratsa ambaliya, a fesa wa ƙarƙashinta da cikin ramukan tayoyi ruwa sosai, gama lakar da ke maƙalewa a nan tana riƙe danshi, ga iskar teku mai gishiri, nan da nan tsatsa ke kama ƙarfe. Da an ɗauraye sai a tsane da babban tawul mai tsabta, ba a barin rana ta busar.

Kashin tsuntsu da ƙaron itace suna cin shafin fenti in suka daɗe, balle a rana. Ba a kankare su da farce. A ɗora jiƙaƙƙen tawul a kai na 'yan mintoci har su yi laushi, sa'an nan a ɗauke.

GUGA DA SHAFIN KAKI

Bayan wanki, mai aiki ya sa hannunsa cikin siririyar leda ya shafa bonet. In ya ji gurus-gurus, akwai ƙwayoyin kwalta da garin ƙarfe da suka kafe, waɗanda sabulu ba ya fitarwa. Akwai wani laka na musamman, wanda aka ƙirƙiro a Japan, mai taushi kamar danƙo. Ana fesa ruwan kumfa a wurin, a zame lakan a kai a hankali, ya tsince su. In fuskarsa ta yi datti a ninke shi, in ya faɗi ƙasa a yar.

Guga da man folish yana ɓatar da zane-zane ne ta hanyar zaftare ɗan kaɗan daga shafin sama. Don haka ba aikin kowane mako ba ne, sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa, kuma da mafi taushin mai ake farawa a wani ɗan lungu a gani. Wanda bai ƙware da injin guga ba ya yi hankali da gefuna da kusurwoyi, inda fenti ya fi siranta, domin zafin injin yana ƙona shi cikin ƙiftawar ido. Zanen da farce ke kamawa in an ratsa shi ya yi zurfi, wannan aikin mai fenti ne.

Abu na ƙarshe shi ne kariya. Kakin karnoba, wanda ake samu daga ganyen wani irin giginya a Barazil, yana ba da sheƙi mai kyau amma ba ya wuce wata biyu ko uku a ranar ƙasar nan. Na kamfani da ake haɗawa da sinadarai yana kai kusan wata shida. Shafin siramik, mai bushewa ya yi tauri, yana ɗaukar shekaru in an shirya fentin da kyau kafin a sa shi. Ko wanne ne, a shafa siriri. A kan taya kuwa kada a sa man birki ko baƙin mai domin ta yi ƙyalli. Man birki yana cin fenti in ya ɗiga, baƙin mai yana lalata roba.

ƊAKIN INJIN

Nan ne aka fi yin asara. Al'adar da ta bazu ita ce a buɗe bonet injin na aiki, a watsa fetur ko kananzir, a zuba omo, a bi da feshin ruwa mai ƙarfi. Fetur a kan injin mai zafi gobara ce ke jiran ƙyasti, yana kuma busar da robobi da rigar wayoyi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ma, wanka da fetur ya zama ɓarnar kuɗi. Ruwan sanyi a kan ƙarfen salansa mai zafi yana iya tsaga shi. In ruwa ya taru a ramin fulogi injin ya riƙa tari, wutar gargaɗi ta kama. Mafi muni shi ne injin ya shaƙi ruwa ta bakin da yake shan iska, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska, sai sandar fistin ta lanƙwashe, a sauke injin gaba ɗaya.

Ga yadda ake yi. A kashe mota a bar injin ya huce har a iya ɗora hannu a kansa. A cire kan batir mai alamar ragewa, bayan an shaida wa mai mota, domin agogo da rediyo za su nemi a sake saita su. A ɗaure leda a kan altaneta mai cajin batir, da akwatin fiyus, da bakin shaƙar iska, da ƙwaƙwalwar mota in a ɗakin injin take, da dilko ga tsofaffin motoci. A kwashe ganyaye da ƙura da busasshen buroshi, musamman a magudanar da ke ƙasan gilashin gaba, wadda in ta toshe ruwan sama ke kwarara cikin mota.

Daga nan a fesa maganin narkar da maiƙo, wanda aka surka bisa ƙa'idarsa, a bar shi minti 3 zuwa 5, kada ya bushe. A bi da buroshi mai taushi lungu-lungu, a ɗauraye da ruwa mai sauƙi kamar na buta, ba a auna shi a mahaɗar wayoyi. Farin garin da ke fitowa a kan batir, cokali ɗaya na bekin soda a kofin ruwa yana kashe shi, amma kada ya shiga cikin batirin. A hure ruwan da ya maƙale da iskar injin bayar da iska, a tsane da tawul, a kwance ledoji a ƙidaya su, a mayar da kan batir, a tada mota ta yi minti 10 zuwa 15. Man sheƙi na robobi, irin wanda aka haɗa da ruwa, a shafa shi da ƙyalle, kada ya taɓa fambel domin zai sa shi santsi.

Akwai motoci masu haɗa fetur da lantarki, irin su Toyota Prius da aka fara sayarwa a Japan a 1997. Wayoyinsu masu launin lemo suna ɗauke da wuta fiye da bolt 200, tana iya kisa. In an ga irinsu, jiƙaƙƙen ƙyalle a kan robobi ya wadatar, sauran a bar wa masana.

KAFIN A KARƁI MABUƊI

Mai wanki ya zaga motar tare da mai ita, ya nuna masa duk wani karce da lotsawa, ya ɗauki hoto da wayarsa. Ya roƙe shi ya tada motar su duba ko da wata wutar gargaɗi tun can, ya kuma kwashe kuɗi da takardunsa. Ba a wanke injin sai mai mota ya ce da bakinsa, gaban shaida. In an ga baƙin mai yana yoyo a faɗa masa kafin a wanke, domin wataƙila makanikinsa na son ganin inda yake fitowa.

Shi kansa mai aiki ya sa safar roba da takalmin ruwa, gama magungunan nan suna tsattsaga fata. Ruwan wankin injin kuma kada a sake shi cikin lambatun maƙwabta, domin yana jawo rikici da mutanen unguwa da hukumar kare muhalli ta jiha. Wanda ya kiyaye waɗannan ƙa'idoji zai rage yawan motocin da yake wankewa a wuni, amma masu motocin da suka ga bambanci su ne za su riƙa nemansa da suna, su biya shi fiye da na bakin titi, har su kira shi gida.