Hayaƙin Alakos Kaɗan Ne, Maganar Tana Wurin Itatuwa

Idan majalisar wani birni a Faransa ko Ingila ta ce za ta rage iskar kabon da take fitarwa, an san inda za ta dosa: motocin haya, fitilun titi, na'urorin ɗumama ofisoshi da juji. Alakos ba ta da irin wannan nauyi. Ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Gure, cikin jihar Damagaram, ofishin magajin garinta yana Garazu, can inda ƙasar noma ke ƙarewa ta kiwo ta fara. Mai tambaya yana da gaskiya in ya ce: wane hayaƙi ke nan da za a rage?

Kabon iska ce da ke fita duk lokacin da aka ƙona mai, gawayi ko itace. Ba a ganinta, ba ta da wari, amma in ta taru a sama sai ta riƙe zafin rana ta hana shi komawa. Ɗan Nijar, in an raba, abin da yake fitarwa daga ƙona mai da kwal wajen kashi ɗaya cikin goma na tan ne a shekara, shi kuwa ɗan Amurka wajen tan 14. Saboda haka ba mutanen Alakos suka ɓata sararin sama ba, ko da yake su ke ganin damina tana latti kuma rairayi na cin gona. Nijar ta sa hannu a yarjejeniyar Paris ta 2015, amma duk wanda ya zo ƙauye da maganar rage hayaƙi kamar mai bin bashi ya yi kuskuren ƙofa. Hujjar da za ta kama a nan ita ce kusan duk abin da ke rage kabon a irin wannan ƙasa yana rage kashe kuɗi ko yana ƙara hatsi a rumbu.

A fara da abin da ke hannun ofishin magajin garin kansa. Ƙaramar hukumar karkara abin ƙona man nata bai wuce mota, babura, injin wuta da injin jan ruwa ba. Lita ɗaya ta gazuwal tana fitar da kabon wajen kilo 2.7, ta esansi kuma wajen kilo 2.3. A ce injin rijiyar burtsatse yana shan lita 10 kullum: a shekara ya kusa tan 10, wato bai kai na Ba'amurke ɗaya ba. Amma kuɗin lita 3,650 ba wasa ba ne ga asusun da ke dogara da harajin kasuwa da na dabbobi. In aka kafa allunan hasken rana a kan rijiyar, aka sa wasu a ɗakin magani don firjin allurar rigakafi, man ya huta, asusu ya huta. Rana kuwa ba a rasa ta a Gure. Ƙasar ma ta bi wannan hanya: tashar Malbaza mai megawat 7 ta fara aiki a 2018, ta Goru Banda kusa da Yamai mai megawat 30 a 2023. Inda ake faɗuwa shi ne bayan bikin buɗewa. Ƙurar hunturu na rufe allo ta rage masa ƙarfi, batir na mutuwa bayan ƴan shekaru, in kuma ba a ware kuɗin gyara daga abin da ake biya a bakin famfo ba, sai a wayi gari an koma wa tsohon inji.

Akwai kuma gini. Kowane aji, ɗakin magani ko rumfar kasuwa da ofishin zai gina, shi ke zaɓen kayan. Siminti na cikin masu fitar da kabon da yawa a duniya, rufin azara kuma yana cin itatuwa manya. Tun wajen 1980 aka fara koya wa magina a Nijar ginin da ba ya buƙatar itace, wanda ake rufawa da baka da tulluwa na tubalin ƙasa. Ɗakin ya fi na kwano sanyi, kuma kuɗin aikin yana tsayawa a hannun maginin gari.

Duk wannan ƙaramin lissafi ne. A ƙididdigar da Nijar ke bayarwa, mafi yawan iskar da ke ɗumama duniya daga noma, kiwo da saran daji take fitowa. Nan ne ikon ƙaramar hukuma ya fi ƙarfi, domin itace rumbun kabon ne: kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne da ya zuƙo daga iska. In yana tsaye yana ajiye da shi, in an ƙona shi ya mayar.

A wannan fage Nijar ba mai koyo ba ce, ita ke koyarwa. A 1983 wani ma'aikacin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sassabewa kowace bazara kututtukan itatuwa ne masu rai, da saiwoyinsu a ƙasa. Maimakon a share su, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a rage sauran, a kare su. Wannan shi ne sassaben zamani. Ba ya buƙatar gandun renon itatuwa, ba ya buƙatar ban ruwa, kuma tsohuwar saiwa ta fi dashe jure fari. Manoman Maraɗi da Damagaram, musamman wajen Magarya, Matamai da Mirya, suka ɗauke shi daga gona zuwa gona, har masu bincike suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Gawo ne sarkin wannan aiki, tunda yana zubar da ganye da damina, bai yi wa gero inuwa, ƙasar gindinsa ta yi taki, ƴaƴansa kuma su ciyar da bisashe da rani.

Abin da ya kamata mahukunta su riƙe daga wannan labari shi ne dalilin da ya sa manoma suka daɗe suna ƙin barin itace a gona. A da, tun zamanin Turawa, itace na gwamnati ne, wanda ya sare reshe a gonarsa ma'aikacin gandun daji na iya cin sa tara. Wa zai reni abin da zai ja masa tara? Da aka sassauta sai hali ya sake, aka yi dokar daji ta 2004, daga baya a 2020 aka fitar da ƙudurin da ya tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena. To amma doka tana Yamai, gona tana Alakos. Aikin ofishin magajin gari ne ya sa labarin ya kai kunnen kowane mai gari, ya zaunar da manoma, makiyaya, mata masu neman itacen girki da ma'aikatan gandun daji su yarda da ƙa'ida ɗaya: wa zai sara, yaushe, me za a yi wa wanda ya shiga gonar wani da gatari cikin dare. Ruwan Alakos bai kai na Magarya ba, don haka aduwa, ƙandili, magarya da dakwara za su fi gawo yawa a lissafin, girman kuma zai ɗauki lokaci.

A gefen makiyaya babban abokin gaba shi ne gobarar daji. Shekarar da damina ta yi kyau ita ce mai haɗari, don ciyawa ta yi yawa ta bushe, iskar kaka kuma na tuƙa wuta. Dare ɗaya abincin dabbobi na rani ya tashi a hayaƙi. Maganin tsoho ne: a share hanyoyi masu faɗi cikin daji da zarar ruwa ya ɗauke, yadda wuta ba za ta iya tsallakewa ba. Aiki ne na hannu da ke ba samari abin yi lokacin da suke shirin tafiya cin rani, ciyawar da aka yanke kuma a ɗaure a ajiye. Gaskiya ne shanu da raƙuma na fitar da wata iska mai ɗumama duniya daga tumbinsu. Amma duk mai ba da shawarar rage garke a ƙasar da dabba ce banki bai san wurin ba. Abin da zai yiwu shi ne rigakafi, tsare burtali da kare makiyaya daga gatarin masu faɗaɗa gona, aikin da kwamitocin ƙasa da dokar karkara ta 1993 ta kafa suke da hurumi a kai.

Murhu ma yana cikin lissafi. Murhun duwatsu uku yana zubar da mafi yawan zafinsa a iska. Murhun Albarka na laka da Mai Sauƙi na ƙarfe sun daɗe a Nijar, kuma suna rage itacen da tukunya ke ci. Gas kuwa, ko da yake matatar mai ta SORAZ na aiki kusa da Damagaram tun 2011, tukunyarsa ba ta kai ƙauye da araha ba. Ofishin na iya farawa da ɗakunan girkin makarantu da masu tuyar kasuwa, inda itace ya fi ƙonewa.

Sauran maganar kuɗi ce. Akwai shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, akwai kuma kasuwar kabon, inda kamfanonin waje ke biyan wanda ya rena itace. Nijar ta gwada wannan da gonakin dakwara tare da Bankin Duniya, kuma ƙauyukan da suka shiga aikin sun yi shekaru suna jira kafin kuɗi su iso. Ƙaramar hukumar da ke son rabonta sai ta tanadi hujja: hekta nawa aka rena, a gonar wa, tun wace shekara, kuma a rubuta aikin cikin tsarin raya gari na shekaru biyar. Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa zaɓaɓɓun majalisu aka naɗa masu riƙo, alhakin wannan rajista ya koma hannun mai riƙo da sakatarensa. Kafin a sa hannu da kowane kamfani, a karanta takardar a gaban masu gonakin, da Hausa da Barbarci da Fulatanci, a faɗi shekarun da ƙasar za ta yi a ɗaure da kason da zai shiga hannun manomi.